Shuɗiyar Wutar Bahago

Sunansa na yanka Alkasum, amma in ka shiga unguwar Dagmanet a Agadas kana tambayar gidan Alkasum, za a yi ta yawo da kai har ƙafarka ta gaji. Bahago kowa ya sani. Ya daɗe da rasuwa, kuma har yau in na ga wutar risho ta yi shuɗi sosai sai ya faɗo mini a rai. Ni sunana Chaibou. A zamanin da nake ba da labari ni ne majo, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da gidan likita, a wani ɗan ƙauyen masu lambu cikin duwatsun Abzin, kan hanyar Timia. Can na zauna da Bahago. Ban taɓa aiki da mutumin da ya fi shi ba ni haushi ba, kuma babu wanda na fi kewa kamarsa.

Ɗan tsohon garin Agadas ne. Ubansa baduku ne mai ɗinkin jakunkuna da kayan raƙumi, ya yi ta fama ya koya masa sana'a, amma duk abin da uban ya nuna da dama sai yaron ya juya shi ta hagu, ɗinki ya tafi baibai. Da aka gaji da juna sai ya koma kasuwa ya zauna gindin wani bango yana gyaran fitila. A nan hannunsa ya sami abin da yake so. Mata su kawo fitilar da ke hayaƙi kamar ana ƙona juji, ya duba lagwaninta, ya ɗan sa almakashi, ya hura, ya mayar musu da ita tana ci lafiya lau. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Ya auri Habsa, mace mai haƙuri da dariya ƙasa-ƙasa, Allah bai ba su haihuwa ba.

Bayan farin shekarun saba'in, da sojoji suka karɓi mulki, aka buɗe gidan likita a ƙauyen nan, aka kai masa firigo don ajiye allurar rigakafi. Wanda bai san irin wannan firigo ba zai ɗauka tatsuniya nake yi. Ba ya aiki da lantarki, da kananzir yake aiki. A ƙarƙashinsa, dab da ƙasa, akwai tanki da lagwani da ƴar kwalba, ana kunna wuta ƙarama, wutar nan ce ke jawo sanyi a ciki. In ta yi ja ko ta yi hayaƙi, sanyi ya gudu. In ta yi shuɗi, ta tsaya cak, sai ƙanƙara ta kama bango. Majon farko ya yi ta kokawa da ita har ya kusa haukacewa, sai wani shofer, wato direba, ya ce masa ya san wani bahago a kasuwar Agadas da ke jin maganar lagwani. Haka aka ɗauko shi, shi da Habsa da tabarmarsu, aka rubuta sunansa a matsayin mai kula da firigo. Ba shi da takardar haihuwa, ba shi da ta lakwal, wato makarantar boko. Firigon nan kaɗai ne ya riƙe shi a aikin gwamnati, kuma ya san duk ranar da babu wutar, shi ma babu shi.

Da na iso ƙauyen na tarar da shi kwance a gefensa na dama kan tabarma, kansa kusa da ƙasa, yana kallon wutar ta ƴar tagar kwalba. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Ni kuwa ina tashen ƙuruciya, na fito daga makaranta da farar riga da zafin kai, na ce a raina wannan tsohon ba zai yi wata guda a hannuna ba. An kuma ɗora masa shara da ɗibar ruwa, amma kullum sai na yi ta kiran Baba Bahago, Baba Bahago, kafin tsintsiya ta motsa. Yana can wurin wutarsa.

Wata rana na tambaye shi cikin faɗa abin da yake gani a ciki haka. Ya amsa mini kamar na yi tambayar arziki. Ya ce in ka daɗe kana kallo, shuɗin yakan buɗe, sai ka ga wani gari a ciki. A garin nan ko da yaushe yanzu aka ɗauke ruwan sama. Indararo na ɗiga, awaki sun jiƙe suna kakkaɓe jiki, mata na fito da tabarmi suna shanyawa a kan katanga. Ya ce ba a magana da ƙarfi a garin, kuma bai taɓa ganin fuskar kowa sosai ba, amma ya san duk ƴan'uwa ne. Na ce masa to in ya dawo daga garin ya taimaka ya share mini baranda. Ya yi murmushi ya ce to, Majo.

Abin haushin shi ne, aikin yana kyau. Sauran majo-majo na jiha kullum kuka suke, yau lagwani ya ƙone, gobe iska ta kashe wuta, jibi hayaƙi ya toshe bututu. Namu kuwa ko iskar da ke gangarowa daga dutse ba ta taɓa shi, don Bahago ya kewaye shi da ɗan ginin laka mai ƙofa kamar akurki. Shoferori suka ɗauki labari suka kai ko'ina. Har a biro, wato ofishin lafiya na Agadas, ana cewa wutar Bahago ba ta mutuwa. Shi ma ya ji, kuma yana jin daɗin ji, ko da yake in an faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce ikon Allah ne.

Sai fari ya dawo a shekarar 1984. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da ya leƙo zaure ya juya. Rijiyoyin lambu suka ja da baya, shanun da ke jan guga suka rame har ba sa iya kai ƙarshen igiya, rumman da lemo suka zubar da ƴaƴa tun suna ƙanana. Makiyaya suka sauko daga duwatsu ba dabba ko ɗaya, suka kafa ƴan bukkokin tabarma a bakin busasshiyar korama, kusa da mu. Da zafi ya shigo, ƙyanda ta biyo su.

Muna da allura a firigo, amma ba ta isa ba, muna yi kaɗan-kaɗan muna jiran ƙari. Motar da ke kawo mana kananzir kuwa aka juya ta ɗaukar hatsin agaji, kuma ba mai iya cewa an yi laifi, don mutane na faɗuwa. Durom ɗinmu ya ƙare. Bahago ya bi gida-gida da gwangwani yana roƙon abin da ya rage a fitilun mutane, ya tsiyaye tasa, ya tsiyaye tawa, muka koma cin tuwo da sauran hasken rana. Ya rage wutar har ta zama kamar ƙwayar gero. Wata ranar Talata da hantsi na shigo na same shi zaune, ba kwance ba. Wutar ta mutu.

Ta yi kwanaki a mace. Da na buɗe firigon, iska mai ɗumi ta bugi fuskata, na san allurar ta lalace, na haƙa rami na binne ta. Matan bukkoki suka yi ta zuwa da yara a goye, muna ce musu su dawo in mota ta zo. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, kuma mun san dalili, don maƙabartar ƙauyen ba ta da nisa da mu. Na rubuta rahoto na aika Agadas, ya shiga cikin tulin rahotannin waccan shekara, ba wanda ya amsa. Da kananzir ya iso, Bahago ya kunna wutarsa, ta yi shuɗi kamar da. Bai taɓa tayar da maganar ba. Sunan da ya yi a bakin shoferori ma bai canza ba, don shoferori ba su zo a kwanakin ba balle su gani.

Kowace shekara, lokacin hutun ƴan lakwal, ana tara ma'aikatan lafiya na jiha duka a Agadas, a keɓe su wuri guda na ƴan kwanaki, su duba aikin bara, su tsara na baɗi. Da Faransanci ana kiran wannan taro retraite, mu kuma bakinmu ya mayar da shi ratiret. Matsalar ita ce, da wannan kalma ɗin dai ake kiran sallamar tsohon ma'aikaci daga aiki. Mu da muka yi lakwal mun san kalma ɗaya ce mai fuska biyu. Bahago fuska ɗaya ya sani.

A shekarar da ta biyo bayan farin aka kawo sabon babban likitan jiha, Lokotoro Seydou, mutum mai son a ji ta bakin kowa. Ya ji labarin wutar da ba ta mutuwa, ya ce lalle a gayyato mai ita taron bana. Ni na riga na sauka Agadas karɓar magani, don haka saƙon bai bi ta hannuna ba. Ya bi ta rediyon jandarma, daga nan wani gumiye, irin masu gadin daji a kan raƙumi, ya kai shi da baki. Ya tsaya ƙofar gidan likita, bai ko sauko ba, ya ce an ce Alkasum Bahago ya sauka Agadas, ratiret.

Habsa ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, tana dariya tana share hawaye. Ta ce bai yi gardama ba, bai tambayi komai ba. Zamanin soja ne, ba a tambaya. Kuma a ransa ya riga ya yanke cewa an gano maganar wutar da ta mutu, hukunci ne ya iso. Ya bi gida-gida yana neman gafara. Ya ba liman butarsa ta ƙarfe, ya ba maƙwabci akuyarsa guda da ta tsira daga fari. Masu lambu suka haɗa masa dabino da cuku da ɗan busasshen tumatir. Ya zaunar da Habsa gaban firigon ya nuna mata yadda ake rage lagwani, ya ce ta riƙe kafin a aiko wani, sannan ya dawo ya ɗauke ta. Ta ce ya daɗe kwance yana kallon wutar kafin ya hau motar albasa, har shofer ya gaji da busa ƙaho.

Ina tsaye a harabar lakwal ɗin da aka ba mu aro, sai ga shi ya shigo da babbar rigarsa ta Sallah da rawani, tabarma a kafaɗa, buhu a ka. Ya ajiye kaya gabana ya ce ya zo, Majo, a yi abin da za a yi. Da na fahimci abin da ya ɗauka, Allah ya gafarta mini, sai da na dafa bango don dariya. Na ce masa ba korarsa za a yi ba, taro ne, kuma an kira shi ne don a yaba masa. Ya dube ni.

"To mi ya sa suka ce ratiret?"

"Haka Faransanci yake, Baba. Kalma ɗaya, aiki biyu."

"Ashe su ma suna da ƙarancin kaya," in ji shi. Ya zauna kan buhunsa, ya ce akuyar nan fa ta tafi ke nan.

Kwanakin farko na taron Bahago ya yi su kamar mai tafiya cikin barci. Aka ba shi kujerar ƴan lakwal kusa da taga, gwiwoyinsa sun tokare, aka ba shi alƙalami da farar takarda, ya riƙe su da ladabi bai san abin da zai yi da su ba. Wani kumandan na soja ya buɗe taro da jawabi, aka tafa, Bahago ya tafa. Faransanci ya yi ta gudana a kansa. Nakan sunkuya in fassara masa kaɗan, maganar rijiyoyi, maganar ungozomomi, maganar abincin yara, sai in ga idonsa na can waje, kan hasumiyar babban masallaci da tsuntsayen da ke sauka a itatuwanta. Ya ce mini muryoyin suna masa daɗi in bai gane su ba, kamar korama ce ta zo daga nesa. Ya ce garin ya yi masa wani iri, duk lungun da ya sani yana nan, amma kamar an ɗan matsar da shi.

A ɗakin cin abinci akwai firigo na lantarki, inda ake sa mana ruwa. Na kama shi durƙushe a bayansa yana leƙe. Ya ce yana neman wutar ne, bai gan ta ba, sai gurnani kawai. Ya sha ruwan, ya riƙe kofin a kumatunsa, ya lumshe ido. Ya ce wannan sanyi ba shi da mai shi.

Ranar da aka zo maganar firigo na daina fassara masa, don abin da na ji bai yi mini daɗi ba. Wata ƙungiyar agaji ta ba da sababbin firigo masu aiki da rana, da wasu baƙaƙen alluna da ake ɗorawa a rufin ɗaki. Ba su da yawa, ba za su kai ko'ina ba. Lokotoro Seydou ya ce za a kai su inda na kananzir ya gaza. Inda yake aiki lafiya kuwa a bar shi, a ma koya wa sauran yadda ake kula da shi. Shi ya sa aka kira Bahago. Gobe zai nuna wa taro yadda yake yi, a shaida cewa tasa ba ta taɓa mutuwa ba, daga nan a riƙa zagayawa da shi gidajen likita yana koyarwa. Ƙauyenmu kuma ya ci gaba da jiran motar kananzir.

Da aka tashi hutun azahar na ja shi muka fita bayan gari, bakin koramar Telwa, wadda ba ko ɗigon ruwa a cikinta. Muka zauna ƙarƙashin goriba. Zafi ya sa yashi na rawa, can nesa bukkokin ƴan gudun fari suna ta lilo kamar za su tashi sama. Na gaya masa komai, ban rage ba. In ya yi shiru, yana da wutarsa, yana da suna, har da yawo a motar gwamnati. In aka san ta mutu, za a kawo mana na rana, shi kuwa na rana ba ya bukatar mai lagwani, kuma duk wanda ya dubi gemunsa ya san shekarun aiki sun wuce. Na ce masa ni dai ba zan iya yin shiru ba, gobe zan tashi in faɗa, ya yi haƙuri da ni. Na faɗa da zafi, don ina jin tausayinsa, ni kuma in na ji tausayi faɗa nake yi.

Yana ta zana wani abu a yashi da yatsan hagu yana sharewa. Can ya ce tun bayan waccan Talata garin da yake gani ya canza. Har yanzu ruwa na ɗiga, har yanzu ana shanya tabarmi, amma yara sun yi yawa a ciki. Suna wasa a bakin indararo, ba sa kuka, ba sa neman kowa. Ya ce da can bai gane fuskar kowa ba, yanzu yana gane wasu.

"Kada ka tashi, Majo," ya ce. "Wutata ce. In za a faɗi mutuwarta, ni zan faɗa."

Ban yarda da shi ba, gaskiya. Na ce a raina mutumin da ke zaune a garin mafarki, gobe gaban kumandan da manyan likitoci bakinsa zai mutu. Na shirya maganata na ajiye.

Washegari aka shigo da wani tsohon firigon kananzir tsakiyar aji. Wani majo ya kunna shi da gangan yadda suka saba, wuta ta tashi ja, hayaƙi ya murtuke, mutane suka fara tari suna dariya. Bahago ya naɗe hannun babbar riga, ya shimfiɗa tabarmarsa, ya kwanta a gefensa na dama gaban manyan jiha duka, ko a jikinsa. Ya kashe wutar, ya ciro lagwanin ya murza shi tsakanin yatsu, ya sa almakashi sau ƴan kaɗan, ya goge kwalbar da gefen rawani, ya tura tsinke ƙarƙashin ƙafar firigon guda don ya daidaita. Ya kunna. Wutar ta yi rawa, ta yi ja, ta sunkuya, sannan a hankali ta miƙe ta yi shuɗi ta tsaya. Na ga manyan mutane masu tabarau sun sunkuyo suna kallon ƴar wutar nan kamar yara, har kumandan ya baro kujerarsa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba. Ni kaina, da na yi shekaru ina masa tsawa, ranar ne na fara kallonta sosai, kuma na ji sanyi a raina.

Aka tafa. Lokotoro Seydou yana murmushi ya yi tambayar da kowa ya san amsarta, don dai a rubuta. Ya yi ta da Hausa, cikin girmamawa.

"Baba Alkasum, tun da aka ba ka wannan aiki, wutarka ta taɓa mutuwa?"

Bahago ya tashi zaune a kan tabarma. Ya dubi wutar, bai dube mu ba.

"Ta mutu, Lokotoro. Bara da zafi. Kananzir ya ƙare, mota ta tahi ɗaukar hatsi, kuma hatsin ma ana bukatarsa. Allura ta lalace, Majo ya binne ta. Yara sun zo muka ce su dawo. Hannuna ya iya lagwani, amma bai iya kawo mota ba. In akwai wanda ba ya jiran mota, a kai musu."

Ba abin da ya faru irin na labari. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya tsawata. Kumandan ya koma kujerarsa, ya dubi agogo. Lokotoro Seydou ya tambaye ni ko haka ne, na ce haka ne, na kuma rubuto. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Sai aka wuce maganar tafasa sirinji. Bahago ya naɗe tabarmarsa ya koma kujerarsa bakin taga, aka manta da wutar tana ci a tsakiyar aji har aka tashi, shi ya je ya kashe ta. Ranar rufe taro aka karanta sunayen wuraren da za a kai na rana, namu na ciki. Na sunkuya zan fassara masa, ya ce ya ji, sunan ƙauye ɗaya ne a kowane harshe.

Muka koma tare. Mutanen ƙauye suka ga wanda suka yi wa ban kwana ya dawo, aka yi ta tsokanarsa, liman ya mayar masa da buta, maƙwabcin kuwa ya ce akuya ta riga ta saba da gidansa. Habsa ta riƙe wutar lafiya, ko da yake Bahago ya ce ta ɗan yi tsayi. Ya koma kwanciyarsa gaban kwalba, ni kuma na daina kiransa shara. Ina ɗaukar tsintsiya da kaina, ina ƙunƙuni don kada ya ɗauka na yi laushi.

Watanni suka shige har na fara zaton an manta da mu, na kuma kama kaina ina fatan a manta. Da sanyi ya shigo sai ga mota da ma'aikata biyu. Suka hau rufi suka kafa allunan, suka ja waya, suka shigo da farin akwati mai murfi a sama. A motar nan kuma aka aiko mini da saƙon da na san zai zo, cewa Alkasum ya ajiye aiki ƙarshen wata. Na gaya masa da kaina, da Hausa, ban yi amfani da kalmar Faransanci ba.

Ma'aikatan suka ce a bar sabon ya kwana ya yi sanyi kafin a sa masa komai. Da hantsi na kwashe allurar daga tsohon na mayar cikin sabon, na ce wa Bahago saura wutar. Na yi niyyar fita in ba shi wuri, ya ce in tsaya. Bai je wurin wutar ba tukuna. Ya ɗaga murfin sabon firigon, ya zura hannunsa na hagu har gwiwa, ya bar shi a ciki, idonsa a rufe. Ina jin kukan tattabaru a kan rufi, kusa da allunan. Ya daɗe sosai, har na ji tsoron sanyin zai gudu.

Ya zaro hannun ya dube shi, ya rufe murfin a hankali.

"Ya hi nawa sanyi, Majo," ya ce.

Sannan ya durƙusa ya murɗa lagwanin ƙasa, ya tashi ya tafi taya Habsa ɗaurin kaya.